Ruwan Kusugu da Kazar Cikin Gem

Baƙon da ya shiga Daura, ko ɗalibi ne da makaranta ta kawo yawon buɗe ido, ko babban mutum da ya zo gaisuwa fadar Mai Martaba Sarki Alhaji Faruk Umar Faruk, da wuya ya bar garin bai leƙa rijiyar Kusugu ba. Za a zura guga a jawo masa ruwa, ya sha, ya shafa a fuska, wani ma ya cika gora ya kai wa mutanen gida tsaraba, domin akwai masu ganin ruwan yana da albarka, har yana maganin wasu cututtuka. A unguwar da ta ci sunan rijiyar kuma, kamar sauran unguwannin Daura, ba a rasa samari a bakin shagon caji, kowa ya duƙufa a kan waya yana buga Free Fire ko PUBG. Su ma neman magani suke yi lungu-lungu. An harbi jarumi, jininsa ya yi ƙasa, sai ya laɓe a bayan bango ya buɗe akwatin magani, kan ka ce kwabo ya miƙe garau.

Da mai kurɓar ruwan rijiya da mai latsa waya, kowannensu ya kai wani abu jiki yana sa ran lafiya. Tambayar da ta haɗa su tsohuwa ce, malaman tauhidi sun daɗe suna kai-kawo a kanta: idan mutum ya ci ya ƙoshi, ko ya sha magani ya warke, me ya ƙosar da shi, me ya warkar da shi?

Masu ƙera wasanni sun ba da tasu amsar, kuma amsar lissafi ce. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi da takarda da ƙwayar lido, inda lafiyar jarumi ta zama lamba. Duka ya rage ta, magani ya ƙara ta, in ta kai sifili ya mutu. Da wasanni suka koma cikin na'ura sai suka tafi da wannan lambar. Ita ce layin nan ja ko kore da ke saman allo, wanda 'yan gem ke ce wa jini.

Abinci kuwa da kasuwa ya zo. A Gauntlet na kamfanin Atari, wanda ya fito a 1985, jinin jarumi raguwa yake yi da kansa ko babu wanda ya taɓa shi. Ko dai ya tsinci abinci a hanya, ko yaron da ke wasan ya sake jefa kwabo a na'ura. Yunwar jarumin dabara ce ta zazzage aljihun yaro. A Castlevania na 1986 ana fasa bangon tsohon gidan dodo a tarar da gasasshen nama, a cinye babu tambayar tun yaushe yake ciki. Waɗanda suka tashi a zamanin Sega za su tuna Streets of Rage 2 na 1992, inda ake kaɓe kwandon shara kaza ta faɗo a kan faranti, ta cika jini fal. A Resident Evil na 1996 ganye ne magani: kore yana warkar da rauni, ja yana ƙara wa kore ƙarfi, shuɗi yana karya dafi. A Prince of Persia: The Sands of Time na 2003, yarima durƙusawa kawai zai yi a bakin ruwa ya sha, saran takobi ya ɓace. PUBG ya ƙayyade komai da agogo: ƙaramin akwatin taimakon gaggawa daƙiƙa 6 ya kai jini kashi 75, babban akwati daƙiƙa 8 ya cika shi. Call of Duty 2 kuwa tun 2005 ya sauke wa jarumi wahalar neman maganin ma. Ya ɓuya na ɗan lokaci, harsashi ya zama tarihi.

Ba wauta ce ta sa suka yi haka ba. Babu yaron da zai biya mai gidan gem kuɗi don ya zauna kallon jarumi kwance a gidan mai ɗori na mako shida. Wasa yana son ci gaba, jinya kuma tsayawa ce. Sai dai sauƙin ya zo da nasa hoton jikin ɗan Adam. A gem jiki tankin babur ne: ya yi ƙasa a zuba mai, a tayar a wuce. Jarumin da ya rage saura ɗigon jini yana gudu da tsalle daidai da wanda bai ji ko ƙwarzane ba. Babu ɗingishi, babu tabo, babu ramar bayan ciwo.

Abin da zai ba ɗalibin ilimi mamaki shi ne, wannan ƙagaggiyar duniya tana sauƙaƙe wata mas'ala mai wuyar ganewa a tauhidi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa ya jero abubuwan da mutane ke ɗauka ɗaya ke haifar da ɗaya, ciki har da sha da kashe ƙishi, ci da ƙoshi, wuta da ƙuna, shan magani da warkewa. Matsayinsa shi ne babu tilas a tsakaninsu. Ido ya ga biyun sun zo tare, amma bai ga ɗaya ya yi ɗaya ba. Allah ne ke halittar ƙoshi a lokacin da aka ci, bisa al'adar da Ya gudanar a halittarSa, kuma in Ya so Ya raba su. Wannan fahimta ta iso ƙasar Hausa ta littattafai irin su Ummul Barahin na Shaihu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, wanda ake karantawa a zaurukan malamai har gobe. Daga zaure ta sauka bakin talakawa. Mai maganin gargajiya zai ƙulle saiwa a leda ya ce shi dai sababi ne. Wanzami zai cire ƙaho ya ce Allah Ya sa a dace.

To a dubi kazar Streets of Rage. Babu tsoka a jikinta, babu romo, babu abin gina jiki. Ɗigo-ɗigon haske ne aka jera a allo. Abin da ke ƙara jinin umarni ne da mai gem ya rubuta a ɓoye: duk lokacin da jarumi ya taɓa wannan hoton, a ƙara masa lamba kaza. Da ya ga dama da ya ɗaura umarnin a jikin takalmi ko dutse. Masu Super Mario Bros. a 1985 sun ɗaura ƙarin rai a jikin koriyar laimar kwaɗi, masu Minecraft suka ɗaura karya dafi a jikin bokitin madara. Yaron da ya gane cewa kazar alama ce, aikin yana hannun wanda ya kafa doka, ya kama bakin zaren maganar Gazali ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Nan misalin ya tsaya, domin Allah ba a buga maSa misali da ma'aikacin kamfani. Mai gem bawan kwastoma ne. Da akwatin magani zai yi aiki yau gobe ya ƙi, da 'yan wasa sun watse sun bar shi. Tabbas yake sayarwa. Rayuwa kuwa ba ta yi wa kowa wannan alƙawari ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ƙorafin ciwon cikin ɗan'uwansa, aka umarce shi ya ba shi zuma. Ya ba shi, ya dawo ya ce ba sauƙi. Aka ce ya ƙara. Sai da ya yi ta zarya kafin sauƙi ya samu. Maganin da Annabi da kansa ya nuna ke nan, amma sai da ya ci lokaci, ya ci haƙuri.

Ba a bar Gazali ya sha da daɗi ba. Ibn Rushd na Kurɗuba, alƙali kuma likita, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut cewa wanda ya kore ɗabi'ar abubuwa ya kore ilimi, don likita ba shi da abin dogaro in ba a san me wannan ganye ke yi ba, me wancan ke yi ba. Malaman Sakkwato ba su ga dole sai an zaɓi ɗaya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana kan aƙidar cewa waraka ta Allah ce, kuma shi ne ya zauna ya rubuta littattafai a kan ciwon ido da basir da magungunansu. Hujjarsu tana cikin nassi. Hadisi ya tabbatar da cewa babu cutar da aka saukar ba tare da maganinta ba, ya kuma yi umarni da neman magani. Suratu Sad ta kawo yadda Annabi Ayyuba, bayan doguwar jinya, aka umarce shi ya buga ƙafarsa a ƙasa, ruwa mai sanyi ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Wanda Ya warkar da shi ba Ya bukatar ruwan, amma Ya sa shi motsa ƙafa.

Da wannan ma'aunin ake auna gorar ruwan Kusugu. Malaman ɗariƙa da na Izala sun saɓa a kan neman tabarruki da wurare, kuma saɓanin ba na yau ba ne, amma babu ɓangaren da ya ce ruwa yana warkarwa da ikon kansa. Wanda ya kurɓa ya yi addu'a, sannan ya wuce asibiti da majinyacinsa, ya riƙi sababi biyu. Wanda ya kurɓa yana jiran ciwo ya gudu nan take, ya ƙi gwajin jini, ya fi kusa da yariman Prince of Persia.

Akwai gem ɗin da ya gwada faɗin gaskiya, ya kuma ɗanɗana kuɗarsa. A 2008 kamfanin Ubisoft ya fitar da Far Cry 2, labarin sojan haya da aka tura wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, ana tsakiyar yaƙin basasa. Tun kafin ya harba harsashi ɗaya zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Daga nan har ƙarshen wasan ciwon yana taso masa lokaci-lokaci, ko ana tsakiyar artabu: allo ya yi rawaya, gani ya dushe, sai ya laluba kwalba ya haɗiyi ƙwaya. In ƙwayar ta ƙare ba a tsintar ta a kwandon shara. Sai ya kai wa fararen hula da ke ɓoye takardun tsallake iyaka, su kuma su ba shi magani. 'Yan wasa da yawa a Turai da Amurka sun yi ta ƙorafin cewa zazzaɓin yana ɓata musu nishaɗi, kuma da Far Cry 3 ya fito a 2012 babu shi a ciki.

Ga mutumin Baure, Zango, Sandamu ko Mai'aduwa a ƙasar Daura, abin da ya gunduri waɗancan 'yan wasan shi ne damina. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Maganin da aka fi bayarwa, haɗin atemeta da lumefantirin, ana shan sa sau shida cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki in an ci abinci mai maiƙo. Matsalar da ma'aikatan lafiya suka sani sarai ita ce, da zarar jiki ya yi sanyi a rana ta biyu sai a ajiye sauran ƙwayoyin don wani karon. An ga jini ya cika, an miƙe. Ƙwayar cutar da ta rage kuma ta sake hayayyafa. Haka rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59: ma'aikaciya tana ba da na ranar farko a gabanta, na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa, kuma wata mai zuwa a sake.

A wajen abinci ma akwai wasannin da suka san ciki yana da iyaka. A GTA: San Andreas na 2004, wanda ya yi tashe a gidajen gem na PS2, jarumin wasan CJ yana cin kaza da fiza ya ƙara jini, amma in ya zarce sai teɓa ta fito, gudu ya gagara, in ya cusa da yawa a zama ɗaya ya yi amai. A Metal Gear Solid 3, shi ma na 2004, jarumi yana farautar maciji da kwaɗo a daji, naman yana ruɓewa in ya daɗe a jaka, kuma kukan cikinsa na iya tona masa asiri a wajen abokan gaba. Tun kafin su akwai wasan macijin Nokia, wanda ya fara fitowa a 1997 kuma ya cika hannun mutane da zuwan wayar salula Najeriya a 2001. Duk lomar da macijin ya ci tsawo take ƙara masa, fili ya yi ta ƙanƙancewa, har ya sari kansa. Wannan ya fi kusa da hadisin Tirmizi da ya raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi.

Amma inda lissafin gem ya fi yin nisa da gaskiya shi ne a gadon yaro mai tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana a watan Yulin 2025 cewa yara fiye da 600 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shidan farko na shekarar. A gem, wanda ya fi kusa da mutuwa shi ya fi bukatar kaza guda. A asibiti, yaron da yunwa ta cinye in aka cika masa ciki lokaci ɗaya ana iya rasa shi, don zuciya da hanji sun yi rauni, gishirin jini ya rikice. Da madara mai sauƙi da ake kira F-75 ake farawa, kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana. Sai ya farfaɗo a koma haɗin gyaɗar nan na cikin leda, wanda aka gwada a kan dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005, a yi makonni ana ba shi ana ɗora shi a sikeli.

Sai ƙwaya. A PUBG maganin kashe zafi da lemon ƙara kuzari suna ƙara jini har da saurin gudu, kuma babu ranar biyan bashi. Wasu hukumomi sun lura da haka. A 2008 hukumar tace wasanni ta Ostireliya ta ƙi amincewa da Fallout 3 saboda yadda ya nuna mofin a matsayin abin ƙara ƙarfi, sai da kamfanin ya sauya masa suna zuwa Med-X. Ba gem ne ya kawo tiramadol da kodin Arewa ba, sun riga PUBG shiga gari, kuma tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan binciken BBC. Sai dai tunanin ɗaya ne da na lebura ko ɗan acaɓan da ke afa ƙwaya da safe don ya yi aikin mutum biyu. Zafi da gajiya saƙo ne daga jiki, ƙwayar kuma ɗan aiken take kashewa, saƙon yana nan. A fiƙihu jiki amana ce da za a tambayi mai ita, shi ya sa ba a bar wa mutum ya ƙone shi yadda ya ga dama ba.

Abu na ƙarshe da gem ya cire shi ne mutane, kuma a nan tarihin Kusugu yake da abin faɗa. Mai ƙera wasa in ya ji labarin Bayajida zai ga kaya a shirye: jarumi daga Bagadaza, makami daga maƙeran Gaya, dodo a cikin rijiya, lada auren Sarauniya Daurama. Amma labarin da ƙishirwa ya fara. Baƙo ne ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana ya roƙi ruwa, ta ce babu, don macijin da ake kira Sarki ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Macijin bai lalata ruwan ba, hanawa ya yi. Abin da Daurawa suka yi wa murna kuwa shi ne kowace mace ta samu damar zura guga ranar da ta so. Maganin maleriya da haɗin gyaɗa su ma akwai su a duniya, abin tambaya shi ne wa zai kai gare su, ran yaushe, da kuɗin wa.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, majinyaci kuwa shi ne wanda na cikinsa ya ƙare. Jarumin gem da harsashi a ƙirji shi ke buɗe akwati ya ɗaure kansa. A asibitocin ƙasar Hausa akwai mai jinya kwance a tabarma gefen gado, akwai 'yan dubiya da fulas ɗin kunu da ƙwaryar fura, akwai ƙanin da aka ɗebi jininsa, akwai maƙwabcin da ya ranta kuɗin allura. Hadisi ƙudusi a Sahihu Muslim ya nuna ranar ƙiyama za a tuhumi bawa a kan abu uku: maras lafiyar da bai duba ba, mayunwacin da bai ciyar ba, mai ƙishin da bai shayar ba. Abubuwa ukun da gem ya mayar kayan tsintuwa, addini ya mayar da su haƙƙi a wuyan wani.

Wasu masu ƙera wasanni sun hango wannan giɓin. A PUBG kansa, in ana wasan ƙungiya, wanda aka kayar ba ya iya tashi sai abokinsa ya zo ya durƙusa a kansa na daƙiƙa 10, harsashi na wucewa. This War of Mine, wanda wani kamfanin Foland ya fitar a 2014 bisa abin da ya faru a ƙawanyar Sarayebo ta 1992 zuwa 1996, ya ɗora ɗan wasa a kan fararen hula da ke ɓoye a rusasshen gida. Maras lafiya yana kwana da kwanaki a gado, abinci ba ya isa kowa, kuma in aka sato maganin wasu tsofaffi don a ceci na gida, mutanen gidan suna shiga ƙunci har wani ya kasa aiki.

Akwai kuma wanda ya juya al'amarin gaba ɗaya. A 2006 gidauniyar HopeLab ta Amurka ta fitar da Re-Mission domin matasa masu ciwon daji. Ɗan wasa yana tuƙa wata 'yar mitsitsiyar na'ura mai suna Roxxi a cikin jikin majinyaci, yana harbin ƙwayoyin cutar, yana kuma ganin abin da ke faruwa a jiki in an tsallake shan magani. An gwada shi a kan matasa 375 a asibitoci 34 na Amurka, Kanada da Ostireliya, mujallar Pediatrics ta buga sakamakon a 2008: waɗanda suka buga shi sun fi sauran kiyaye shan magungunansu. Masu binciken ba makin da yaro ya ci a allo suka duba ba. Murfin kwalbar magani mai na'ura ne ya ƙirga sau nawa aka buɗe ta, gwajin jini kuma ya nuna yawan maganin da ke jikin wasu daga cikinsu bayan wata ɗaya da bayan wata uku.